Ledar Rogon Rifkatu

Bana shekara takwas ke nan da muka kwantar da ƙanwata Rifkatu. An ce waiwaye adon tafiya, to nawa waiwayen ba shi da ado ko kaɗan, gara in faɗa tun yanzu. Duk wanda ya buɗe wannan shafi yana neman tsohuwa mai haƙuri wadda ta bar wa Ubangiji komai, ya juya gaba, akwai labarin ƙwallo a baya. Ni Talatu ba a san ni da haka ba. Shekara takwas ina kwana ina tashi da mutum ɗaya a maƙogwaro, ban haɗiye shi ba, ban tofar ba. Masu jarida sun ce ba za su buga sunansa ba, na ce ba komai. Ciyaman muke kiransa a cocinmu na Unguwar Boro, kuma shi ne ya ɓata wa ƙanwata suna har ta shiga kabari da shi a ɓace. Wanke sunan nan shi ne aikin da na sa a gaba tun ranar da aka rufe ta.

Rifkatu ce autarmu. A ƙauyenmu na kudancin Kaduna aka haife mu, inda yaro ke iya haƙar citta kafin ya iya ɗaure wandonsa. Ni na zo birni na yi aikin buga takardu a ma'aikata har na yi ritaya a Barnawa. Ita kuwa mai kai ce. Ta yi karatun kimiyya, ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, ta zauna a Unguwar Boro da 'yarta guda, Alheri, bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai sanyi, irin wadda za ka taka wa ƙafa ta ce maka sannu. Abu ɗaya na sani yana tayar mata da jijiyar wuya, shi ne baƙar leda. Idan muka je kasuwar Kakuri mahauci ya zuba mana nama a ciki ya ƙulle, kafin keke ya kawo mu gida naman ya yi gumi, ya fara canza fuska. Sai ta ɗaga ledar ta ce, "Yaya, dubi. Ɗaki muka ba ƙwayoyin cuta, muka kuma rufe musu ƙofa don kada iska ta dame su."

Daga nan ta shiga abin da na riƙa kira kunun da ba a sha. Sitacin rogo take damawa a wuta har ya yi yauƙi, ta ɗiga masa wani ruwa mai kauri da ake kira gilisarin, wanda take saye wurin wani ɗan Ibo mai kemikal a Kakuri, sannan ta zuba ruwan citta da man kanumfari da ta tace da hannunta. Ta shimfiɗa kunun siriri a kan manyan tire, ta jera su a inuwa. Idan ya bushe sai ta ɓare shi a hankali, ya fito fallen leda shara-shara, kana hango tafin hannunka ta cikinsa, yana ƙanshin teburin mai shayi. Na yi mata dariya har na gaji. Na ce mutane suna neman rogon da za su ci, ke kina ɗinka wa nama riga da shi! Ba ta ji haushi ba. Wata rana da safe ta naɗe yankan nama a nata fallen, ta ƙulle wani a baƙar leda, ta ajiye su a kan tebur, da yamma ta kira ni in sansana. Na baƙar ledar ya fara bugun hanci, nata kuwa nama ne kawai. Ragowar fallen ta binne shi a gindin gwandarta, bayan 'yan makonni muka tona ba mu tarar da komai ba sai ƙasa.

Amma ku riƙe wannan da kyau, don a kansa komai ya tsaya. Rifkatu ba ta taɓa cewa ledarta firiji ce ba. Bakinta har ya gaji da maimaitawa: citta da kanumfarin rage wa ƙwayoyin cuta gudu suke yi, ba gamawa da su ba. Nama ya zama sabo, a bar shi ya huce ya tsane, kuma kada a kuskura a haɗa tsoka da kayan ciki, domin hanji da tumbi suna ɗauke da ƙazantar da ta fi ƙarfin kowane marufi. Amfanin ledar shi ne ta kai nama gida lafiya, a buɗe a dafa. Ko yaro ya tambaye ta, haka za ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla.

Yau idan ina tafiya a Barnawa nakan ce ina ma tana nan. Ruwa ya sauko, lambatu ya toshe da leda, ya juyo ya shiga wa mutane ɗaki. Mahauta suna farka tumbin saniya suna ciro leda dunƙule-dunƙule kamar kayan wanki. A rediyo kuwa yara masu turanci a hanci suna ta bayanin marufin da ake yi da rogo da masara, mai ruɓewa a ƙasa, mai tsare nama daga cuta, sai ka ce jiya aka yi musu wahayinsa. Na san abin da za ta yi da ta ji su. Ba za ta ce ai na riga ku ba, wannan halina ne, ba nata ba. Matso da rediyon za ta yi ta ce, "Yi shiru Yaya, in ji yadda suka hana shi jiƙewa," don har ta koma ga Allah abin da ke damunta ke nan, ledar tana saki idan ruwa ya yi mata yawa.

Wadda ta gaji tiren nan ita ce Alheri. Ta yi karatun sarrafa abinci, ta kama shago a unguwar Mahuta, tana yin ledar da ta fi ta uwarta ƙwari, tana kai wa masu kilishi da shagunan nama. Amma ku tambaye ta 'yar wace ce, ku ga yadda za ta sunkuyar da kai. Sunan ubanta kawai take bayarwa. Bara wani mai shagon nama a Sabon Tasha ya karɓi kayanta yana ta yabo, sai matarsa, wadda ta taɓa yin sujada a cocinmu, ta gane fuskar. Washegari aka dawo mata da kwalin ko buɗewa ba a yi ba, da saƙon cewa ba sa son ledar gidan mai guba. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba! Ranar ta zo ta kwanta a cinyata tana kuka, ni kuwa idona a bushe, domin na daɗe da ƙarar da hawaye, abin da ya rage mini fushi ne zalla.

Bari in koma baya in faɗi yadda aka yi, don yaran yanzu su sani. A cocinmu duk Kirsimeti ana watanda. Magidanta su haɗa hannu a sayi sa, a kira Malam Garba mahauci ya yanka, don idan mun kai wa maƙwabtanmu Musulmi su ci hankali kwance. A shimfiɗa buhuna a filin bayan coci a kasa naman kashi-kashi. Watanda kuwa tana da dokarta wadda ba a rubuta ba amma ta fi rubutacciya ƙarfi: kowane kashi sai ya samu komai. Tsoka, ƙashi, kitse, hanta, huhu, tumbi, hanji, duk a tsibi ɗaya, kowa yana gani, don kada gobe wani ya ce an ba wane hanta shi an bar shi da ƙashi. An sha ɓata zumunci a kan yankan hanjin da bai kai yatsa ba. Yawancinmu kuma ba mu ke cin kason ba, ƙauye muke aikawa da shi wurin iyaye, a kai Sabon Tasha a ba direbobin hanyar Kachia.

Shekarar da abin ya faru Ciyaman ne shugaban kwamitin watanda, kamar yadda yake tun kafin wasu su yi gemu. Mutum ne mai son a ce shi ya kawo. Ya ji labarin ledar Rifkatu a bakin matarsa, ya tako har gida ya roƙa, wai a taimaki ikilisiya. Ta yi ta jan ƙafa, ta ce gwajinta bai gama nuna ba, ya ce haba Malama, ai da haka ake farawa. Ta yarda, ta jero masa sharuɗɗan nan a gabana, yana ta gyaɗa kai. Ranar Lahadi sai ga shi a gaban jama'a da makirfo, yana cewa ya samo wa ikilisiya sabuwar fasaha, ledar da nama zai yi kwana da kwanaki a ciki ba firiji ba wutar lantarki. Aka yi ta tafi. Rifkatu ta kama hannuna ta matse. Bayan sujada ta same shi ta ce ba haka ta faɗa ba, ya yi dariya ya ce ai talla sai da gishiri.

Ranar yanka, ana jibi Kirsimeti, famfo bai kawo ruwa ba. Ɗan wanda aka sayo wurin 'yan garuwa bai isa a wanke kayan ciki yadda ya kamata ba, aka dai ɗauraye su sama-sama. Rana ta take, ƙuda ya taru, direbobi suna ta aiko cewa mota ta kusa cika. Aka kasa nama yana tururi. Rifkatu ta ce to kowa ya ga kasonsa, yanzu a ware kayan ciki daban, tsoka ta sha iska kafin a naɗe. Malam Garba ma, yana goge wuƙarsa, ya ce maganar Malama tana kan hanya. Sai Ciyaman ya miƙe.

"Malama Rifkatu, watanda ba a raba ta biyu. Tun kafin a haife ki haka muke yi. In aka ware, wa ya san abin da zai ɓace tsakanin ƙunshi da ƙunshi? Ku naɗe!"

Mazan nan kuwa suka goya masa baya, kowa idonsa a kan hantarsa. Mu mata a wurin watanda aikinmu riƙe roba, ba a neman shawararmu. Ta ce to a mayar mata da ledarta, ya ce an riga an yi sanarwa, ba za ta kunyata kwamiti ba. Haka aka dunƙule tsoka mai zafi da hanji mai kashi a cikin fallen da ta yi makonni tana shanyawa. Da ta ga ba yadda za ta yi, sai ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya har bakin titi tana roƙo: don Allah ku gaya wa na gida su buɗe da isarsa, su wanke, su dafa yau ɗin nan, kada ya kwana. Waɗanda suka ji maganarta, har da ni, ba gidan da aka yi ko ciwon kai.

Ina tsaye da robata, tsakanina da Ciyaman bai fi tsawon tabarma ba, lokacin da ya kira tsohuwarsa a ƙauye. Da yarenmu ya yi maganar, yaren da na sha a nono. Ya ce mata ga nama nan tafe, kada ta buɗe, kada ta taɓa, sai ya iso ranar Kirsimeti a dafa a gabansa, wannan ledar 'yan boko ce, nama ba ya lalacewa a ciki. Na ce, "Ciyaman, ba ka ji abin da yarinyar nan ta ce ba?" Ya kaɗa mini hannu kamar mai korar kaza, ya ci gaba da wayarsa.

Tsohuwa ta bi maganar ɗanta, wace uwa ce ba za ta bi ba? Ta ajiye ƙunshin a ɗaka har ya iso. Da aka buɗe, wari ya gaishe su. Amma tsohuwar ƙauye ba ta zubar da naman da ɗanta ya aiko daga birni. Aka wanke da lemun tsami, aka cika masa barkono da daddawa, aka ci. Gidan gaba ɗaya ya kwanta da amai da gudawa, har shi. Masu ƙarfi suka tashi, tsohuwa ba ta tashi ba. Allah ya ji ƙanta, ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma har gobe ina jin zafin mutuwarta.

Lahadin farko bayan ya dawo daga jana'iza, lokacin ba da shaida, ya karɓi makirfo. Na ɗauka godiya zai yi wa waɗanda suka je gaisuwa. Sai ya fashe da kuka, ya ce an mai da ikilisiyar Allah ɓerayen gwaji, an naɗe masa nama a kemikal an kashe masa uwa. Bai ambaci suna ba, ai ba ya buƙata. Duk wuyan da ke cocin ya juyo inda muke zaune. Na yunƙura zan miƙe, Rifkatu ta riƙe mini zani da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Yaya, mutumin nan uwarsa ya binne. Bar shi ya huce, zai gyara da kansa." Na fizge na tashi duk da haka, na ce ƙarya ne, da kunnena na ji wayar da ya yi. Dattawa suka taso mini, wai ba a jayayya da mai makoki, wai a bar kaza cikin gashinta. Mazan da suka tsaya a filin nan suka ce a naɗe, kowannensu ya sunkuya a kan littafin waƙoƙi kamar ranar ya fara ganinsa. Malam Garba ya aiko cewa a shirye yake ya faɗi abin da ya gani, amma shi ba ɗan coci ba ne, kuma ba wanda ya je ya tambaye shi.

Ba dukanta aka yi ba, ba a zage ta a fuska ba. Mutanenmu sun fi haka iya kisa. A zumuntar mata aka daina sa ta cikin masu girki. Idan ana biki ta kai kular shinkafa, da yamma a dawo mata da ita yadda ta kai, ko cokali ba a sa ba. Yaran maƙwabta da suka saba cin ƙosanta aka hana su shiga gidan. Maganar ta kai wurin aikinta, aka kira ta aka ce kada a ƙara ganin sitacin rogo a ɗakin gwaji. Ta tattara tirenta ta kife a bayan ɗaki. Tana ta jiran Ciyaman ya huce ya gyara, shi kuwa yana zaune a kujerar gaba, yana karɓar baiko, wato sadakar coci, yana yi wa matasa nasiha a kan riƙon gaskiya. Hawan jini ya kama ta, macen da ko maganin ciwon kai ba ta saba sha ba. Ba ta cika shekara biyu da watandar nan ba ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana shanya, kafin mu kai asibiti ta cika. Likita ya rubuta abin da ya rubuta. Ni na san ciwon da ya kashe ta, yana da ƙafa biyu, yana sa babbar riga ranar Lahadi.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Tun daga Kirsimetin da ta biyo bayan rasuwarta, kwamitin ya fara ware kayan ciki daban, shiru, ba sanarwa. Dokar da aka ce ta girmi Rifkatu sai ga ta ta mutu ba wanda ya yi mata makoki. Kowa yana komawa gida da ƙunshi biyu, ba wanda ya ce an sace masa hanta. Wato sun sani. Dukansu sun sani, suka ɗauki maganarta suna aiki da ita, suka bar ta da sunan mai guba. Da tana raye ta ga haka, na rantse cewa za ta yi alhamdu lillahi, aƙalla ba za a sake rasa wata tsohuwa ba. Irin wannan halin nata ne yake sa wani lokaci in ji haushinta ita ma.

Ban bar cocin ba. Mutane sun ɗauka zan koma wani, yo in koma ina? In bar masa wuri ya sake? Na zaɓi bencin da ke bayansa daidai. Idan ya yi addu'a ba na cewa amin. Idan ya miƙo farantin baiko sai in dube shi cikin ido har ya kau da kai, sannan in saka. Duk watanda ina zuwa da robata, ana fara kasawa in ɗaga murya in ce, "A ware kayan ciki, Ciyaman, ko ka manta?" An ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ni kuwa na ga kwikwiyon nan yana jan ƙafa, shi ya sa nake taya shi tafiya. Fastoci sun zo sun tafi, kowanne ya zauna da ni ya yi mini magana a kan gafara. Na sani, ba sai an gaya mini ba, riƙo ba halin kirki ba ne. Nakan ba su ruwa mai sanyi, in saurara har su gama, in raka su bakin ƙofa.

Watan jiya sai ga shi a falona a Barnawa da rana tsaka, shi da sabon fastonmu. Ya tsufa, ciwon suga ya cinye shi, rigar ta yi masa yawa. Na ba su wurin zama, Fasto kaɗai na kawo wa ruwa. Fasto ya yi doguwar shimfiɗa, sannan Ciyaman ya zame daga kujera ya durƙusa a ƙasa. Ya ce tun ranar da aka buɗe ƙunshin nan ya san abin da ya yi. Ya ce ya kasa kallon ƙannensa ya ce musu shi ne, sai ya nemi inda zai sauke kayan, ya sauke a kan wadda ya san ba za ta rama ba. Ya ce barci ya ƙaurace masa, jikinsa yana gaya masa tafiya ta yi kusa, yana roƙo in yafe masa a nan, tsakaninmu, Fasto shaida.

Na ce, "Ciyaman, a falona ka ɓata ta?"

Ya girgiza kai.

Na ce, "Inda ka ɓata ta, can za ka wanke ta. A gaban jama'a, ranar da coci ya cika."

Ya ce, "Mama Talatu, so kike in tsaya gaban ikilisiya, gaban 'ya'yana, in ce ni na kashe uwata?"

Na ce, "Haka nake so."

Fasto ya ce haba Mama, a duba tsufansa. Na ce Baba Fasto, Rifkatu ma da an bar ta da ta tsufa. Alheri da ta ji labari ta kira ni tana kuka, ta ce in ƙyale shi, ita ta haƙura, in ya so ta canza gari. Jinin uwarta ke nan. Haƙurin da ya kai waccan kabari shi ne yake neman korar wannan daga garin da aka haife ta. Na ce mata ba inda za ki, ki dai goge kayanki ki zo ranar tunawa da mamanki.

Lahadin da ta wuce muka yi godiyar tunawa da Rifkatu. Ban san ko Ciyaman zai zo ba, na dai shirya cewa in bai tashi ba ni zan tashi, in sun ga dama su ɗauke ni da benci. Ya zo. Ɗansa ne ya riƙe shi har gaba. Ya faɗi komai: ruwan da babu, hanjin da ba a wanke ba, gargaɗin da ta yi, wayar da ya buga wa tsohuwa. Ya ce ledar Malama Rifkatu ba ta kashe kowa ba, taurin kansa ne. Ƙanwarsa, wadda ta zo daga ƙauye jinyarsa, ta kurma ihu ta fita ba takalmi. Mazan watanda da suka rage da rai ba wanda ya ɗaga kai. Za ku tambaye ni ko na ji tausayinsa. Na laluba zuciyata da kyau a wurin, ban samu ba. Abin da na ji shi ne sanyi, irin na wanda aka cire wa ƙaya, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa ban ji daɗi ba.

Yanzu da na zauna ina auna abin da ya rage na ƙanwata, ba shi da yawa, ba kuma kaɗan ba ne. Ba a sa sunanta a jikin wani gini ba, ba wanda zai ambace ta a rediyo, gidanta ma wasu ne a ciki. Amma hannunta yana nan a hannun 'yarta, wadda a ranar nan, da wata baƙuwa ta tambaye ta, na ji ta ce "Ni 'yar Rifkatu ce" ba tare da ta rage murya ba. Maganar da ta faɗa a filin watanda ma tana nan daram: marufi komai kyansa ba ya gyara abin da aka ɓata tun wurin yanka. Ku masu zuwa da sababbin ledojin nan, Allah ya taimake ku, amma ku faɗi iyakar abin da kayanku ke iya yi, ku kuma yi hankali da mai tallan da ya fi ku zaƙewa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ne, sai dai ba a gaya mana cewa kafin a kai ƙarshensa wani yana iya mutuwa a ciki ba. Coci ya cika ya ji an wanke Rifkatu, yara da manya, har masu sayar da gyaɗa a bakin ƙofa. Mutum ɗaya ce ba ta ji ba, ita ce kuma ta fi kowa jira.

Shi ya sa na yi abin da na yi, masu cewa ba ni da ta ido su ci gaba da cewa. Da Ciyaman ya gama magana, Fasto ya share hawaye ya juyo wurina, ya ce Mama Talatu ta fito ta riƙe hannun ɗan'uwanta ta ce ta yafe, a rufe maganar nan a gaban Ubangiji. Mawaƙa har sun fara gyara murya. Na miƙe, amma ban fita daga bencina ba.

Na ce, "Baba Fasto, ba ni aka yi wa ba, ba ni da hurumin yafewa. Wadda aka yi wa tana can kwance, ya je ya roƙe ta. Na san bai san wurin ba, don bai zo jana'izarta ba. In an tashi sujada ya jira ni, zan kai shi."

Da aka tashi na same shi a bakin ƙofa, ya dogara da kafaɗar ɗansa, yana jirana.